Kano Za Ta Iya Karɓar Gasar Wasannin Hunturu ta Nakasassu?

"Assalamu alaikum Malam. Ni gurgu ne, cutar shan inna ta kama ni tun ina ɗan shekara uku, kuma ina buga ƙwallon guragu a nan Kano. Na ga wani bidiyo a waya, guragu a zaune kan wani abu mai kama da katakonmu suna wasa a kan ƙanƙara, aka ce mini gasar duniya ce ta wasannin hunturu ta nakasassu. To mu ma ai muna da hunturu, kuma Kano ta taɓa karɓar gasar ƙwallo ta duniya. Me zai hana a kawo mana wannan? Me ake nema a wajen gari kafin a ba shi?" Daga wani mai karatu a Kurna.

Wa alaikumus salam ƙanena. Tambayarka ta faranta mini rai, domin ka kalli bidiyon nan ka ga kanka a ciki, ba ka ce wannan na Turawa ne ka wuce ba. Idan na fahimce ka, abu biyu kake tambaya: ko za a iya yin gasar a Kano, da kuma abin da ake ɗora wa garin da ya karɓe ta. Na farkon amsarsa a'a ce, kuma zan faɗa maka dalili ba tare da kwana-kwana ba. Na biyun shi ne ya fi shafar mu. Na daɗe ina aikin gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, ina kuma bin 'yan wasa masu nakasa zuwa gasa a cikin ƙasar nan, kuma abin da na gani shi ne rabin nauyin karɓar irin wannan gasa ba shi da alaƙa da ƙanƙara ko kaɗan.

Asalin gasar

Wasannin nakasassu na duniya sun samo asali ne daga wani asibiti a Ingila mai suna Stoke Mandeville, inda wani likita, Ludwig Guttmann, ya shirya wa sojojin da suka ji rauni a laka gasar harbin kibiya a 1948. Abin ya girma har ya zama gasar da ake kira Paralympics, wato Olamfik ta nakasassu, wadda aka fara a Rum a 1960. Ta hunturu kuwa sai a 1976 aka fara ta, a wani ƙaramin gari na ƙasar Suwidin mai suna Örnsköldsvik, da ƙasashe 16. Tun daga 1992 ake yin ta a inda aka yi Olamfik ta hunturu, kuma a 2001 kwamitin Olamfik na duniya da kwamitin wasannin nakasassu na duniya, wanda hedikwatarsa ke Bonn a Jamus, suka rattaba hannu cewa duk garin da ya nemi ɗaya to ya nemi biyun. Ka riƙe wannan, domin shi kaɗai ya isa ya rufe ƙofa: ba a ba gari gasar nakasassu ita kaɗai. Sai ka ɗauki Olamfik ta hunturu gaba ɗayanta, sannan bayan kamar mako biyu da rufe ta a buɗe ta nakasassu a filayen nan dai. Haka aka yi a Sochi ta Rasha a 2014, da PyeongChang a Koriya ta Kudu a 2018, da Beijin a 2022, sai Milan da Cortina a Italiya a 2026. An riga an ba yankin tsaunukan Faransa ta 2030, an ba Salt Lake City a Amurka ta 2034.

Wasanni shida ake yi. Huɗu a kan dusar ƙanƙara a waje: zamiyar gangarowa daga tsauni, zamiyar dogon zango, zamiya haɗe da harbin bindiga, da zamiya a kan allo guda. Biyu a cikin ɗaki a kan daskararriyar ƙanƙara: hoki, wanda na tabbata shi ka gani, da wasan tura dutse daga kan keken guragu, wanda suke kira curling. A Beijin ƙasashe 46 suka je, aka fafata a kan zinare 78.

Hunturunsu ba irin namu ba ne

Kalmar ce ta haɗa mu, amma abin daban ne. Hunturun Kano iska ce busasshiya mai ƙura daga Sahara. A tsakiyar Disamba da Janairu, daren da muke cewa sanyi ya yi tsanani har ana hura wuta a ƙofar gida, ma'auni bai cika sauka ƙasa da 10 ba. Ruwa kuwa ba ya daskarewa sai a sifiri. Ƙari a kan haka, a watan Maris ake yin gasar nakasassu, lokacin da Kano ta shiga bazara, rana tana neman kai ma'auni 40.

Za ka ce ai an ce a Beijin da inji aka yi dusar. Gaskiya ne, kusan duk dusar da aka yi wasa a kanta a 2022 ta inji ce. Amma injin ba firji ba ne. Ruwa yake fesawa sama kamar raɓa, iskar wurin ce take daskarar da shi kafin ya sauko, don haka dole iskar ta kasance ƙasa da sifiri. Tsaunukan da ke arewa da Beijin suna da tsananin sanyi, ruwan sama ne ba su da shi. Mu kuwa sanyin ne babu. Ko ƙasashen da ke da shi suna shan wahala: a Vancouver ta Kanada a 2010 sai da aka yi jigilar dusar ƙanƙara a manyan motoci zuwa ɗaya daga cikin tsaunukan, a Sochi kuma ɗumi ya sa dusar ta yi laushi kamar kunu, 'yan wasa da yawa suka faɗi suka ji ciwo. Sannan zamiyar gangarowa tana buƙatar tsauni mai gangaren ɗaruruwan mitoci daga sama zuwa ƙasa. Dala da Goron Dutse muna alfahari da su, amma ba don wannan aka yi su ba. A Afirka gaba ɗaya wuraren zamiya a waje ƙalilan ne, irin Oukaïmeden a Maroko da Afriski a Lesotho, kuma babu wanda ya kai girman ɗaukar Olamfik.

To ƙanƙarar cikin ɗaki fa?

Nan ne maganarka take da ɗan ƙarfi. Dubai ta fi Kano zafi, amma tun 2005 tana da wurin zamiya a cikin wani katafaren kanti, Masar ma ta buɗe nata a 2017. Kenan zafi ba ya hana a daskarar da ɗaki. Kuma ban da babbar gasar, akwai ƙananan gasanni na duniya na wasa ɗaya ɗaya, kamar gasar hoki kaɗai ko ta tura dutse kaɗai, waɗanda ƙungiyoyin wasannin ke ba garuruwa matsakaita. A ƙa'ida ba abin da ya hana gari mai zafi ya nema.

Amma ka duba abin da ke ƙarƙashin ƙanƙarar. Filin hoki tsawonsa mita 60 ne, faɗinsa ya kai 30. A ƙarƙashinsa bututu ne a shimfiɗe cikin siminti, wani ruwa mai tsananin sanyi yana zagayawa dare da rana, ga injinan da ke tsotse laimar ɗakin don kada hazo ya taso. Ba a kashe su. Idan wuta ta ɗauke na wasu awanni ƙanƙarar ta fara narkewa, sake gina ta aikin kwanaki ne, domin a hankali ake fesa ruwa sawu bayan sawu. Kai da ni mun san halin wutarmu, mun san abin da mai sayar da ƙanƙara yake kashewa a kan man janareta a watan azumi don ya daskarar da 'yan ledoji. Filin tura dutse ya fi ma wuyar kulawa. Tsawonsa kamar mita 45, dutsen kusan kilo 20, kuma ɗan gashi ko ƙwayar ƙasa a kan ƙanƙarar tana iya karkatar da shi daga hanya. Ka tuna yadda ƙurar hunturu ke kwanciya a kan tabarma ko da ƙofa a rufe. Ni ba injiniyan sanyi ba ne, lissafin kuɗin ginin da na mai nasu ne, kuma ban taɓa shirya gasa a kan ƙanƙara ba. Abin da zan iya cewa daga ɓangarena shi ne, ko an gina, ba mu da ƙungiyar da za ta buga a ciki, kuma da wuya a ba gari gasar wasan da babu mai yin sa a ƙasar. Ra'ayina, kuɗin da zai daskarar da ɗaki ɗaya na shekara guda gara a sa shi a inda 'yan wasanmu suke yanzu.

Nauyin da ba na ƙanƙara ba

Ka ce Kano ta taɓa karɓar gasar duniya, kuma haka ne. Filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya ɗauki wasannin gasar matasa ta duniya a 1999, da gasar cin kofin Afirka a 2000, da ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Mun san saukar baƙi, wannan ba a koya wa Bakano. Amma baƙon da ya zo da ƙafafunsa daban, baƙo ɗari da suka zo a kan keke a rana ɗaya daban.

Aikin yana farawa tun daga ƙofar jirgi. Mai keke ba ya shiga da kekensa cikin jirgi, ana ɗora shi a wata siririyar kujera a bi da shi tsakanin kujeru, kekensa kuma ya tafi cikin kaya. Mutum ɗaya yana iya cin minti goma kafin ya sauka. Ka lissafa ƙungiyar mutum goma sha biyar, kowa da keken zama da na wasa. Daga nan sai mota. Ba za ka ɗauki baƙo kamar buhu ka cusa shi a bas ba, dole motar ta kasance mai gangaren hawa da wurin ɗaure keke. Sai masauki, sai wurin cin abinci, sai filin atisaye, sai asibiti. Duk inda aka sami matakala ɗaya a wannan layin, duk sauran shirin ya tashi a banza.

Bari in ba ka abin da ya faru da ni. Wata shekara na raka 'yan wasa gasa, aka sauke mu a wani otal da masu shiri suka rantse an gyara shi domin nakasassu. A bakin ƙofa kuwa akwai gangare sabo, simintin ma bai gama bushewa ba, sai dai ya miƙe tsaye kamar hanyar shigar da babur cikin shago. Wani yaro mai ƙarfin hannu, wanda ke ɗaga ƙarfe fiye da nauyin jikinsa, ya taso da gudu ya kai rabi, tayoyin gaba suka ɗaga, na tare shi ta baya da ƙirjina. Wannan bai dame ni ba kamar abin da na gano a kwana na biyu. Na lura wata 'yar wasa leɓenta ya bushe, tana ta riƙe kai. Na tambaye ta ko zazzaɓi ne, ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, ruwa ne ba na sha." Ashe ƙofar banɗakin ɗakinsu ba ta ɗaukar kekenta, sai ta sauka ta ja jiki a kan jiƙaƙƙen tayil, ko ta kira wata ta ɗauke ta. Sai ta zaɓi ƙishirwa. Da na bincika ba ita kaɗai ba ce. A daren muka nemo kafinta ya cire ƙofofin gaba ɗaya muka rataya labule. Tun daga ranar ba na yarda da kalmar "an gyara". Da tef ɗin awo nake zuwa.

Awon kuwa sananne ne, ba sirri ba. Ƙofa ta ba da sarari kamar santimita 90. A cikin banɗaki a bar fili kamar mita ɗaya da rabi da keke zai juya, da ƙarfen kamawa a bango, kuma wurin wanka ya zama babu dakali. Gangare kuwa, duk tashin mita ɗaya a ba shi tsawon mita 12 aƙalla, in da hali ma fiye. Makaho yana buƙatar hanya wadda ba a bar kwata a buɗe ko aka ajiye babur a tsakiya ba, kurma yana buƙatar sanarwa a rubuce da mai fassara da hannu. A filin hoki na nakasassu har bencin 'yan canji ana saukar da shi daidai da ƙanƙara, a sa masa bango mai gani-gari, don mai zaune a ƙasa ya ga wasa ya kuma zame ya shiga ba tare da an ɗaga shi ba. Irin wannan tunanin ne ake nema a wajen mai masauki. Muna ma da doka a kai: dokar hana nuna wa nakasassu bambanci da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara, wa'adin kuma ya wuce. Kai da ke yawo a gari a kan katako ka fi ni sanin inda aka kwana.

Akwai kuma tantancewa, wadda mutanenmu suka fi rainawa alhali ita ce ƙashin bayan gasar. Kafin a fara, ƙwararru masu lasisi suna duba kowane ɗan wasa su sa shi a rukuninsa, domin kada mai yanke ƙafa ɗaya ya kara da wanda rabin jikinsa ya shanye a ce an yi adalci. A wasannin zamiya rukuni uku ne manya: masu tsayuwa, masu zama, da masu matsalar gani, kuma a cikin kowanne ana daidaita lokacin da mutum ya yi gwargwadon nauyin nakasarsa. Makaho yana gangarowa ne a bayan ɗan jagora da ke yi masa magana, in ya ci lambar yabo ɗan jagoran ma a ba shi tasa. A wajen harbi kuwa da kunne yake saiti, ƙara ce ke ƙara kaifi a kunnensa yayin da bakin bindigar ke kusantar tsakiya. Idan babu tantancewa ta gaskiya, sakamakon gasarka ba ya shiga littafin kowa.

Sai lafiya da gyara. Wanda ya ji rauni a laka jikinsa ba ya daidaita zafi da sanyi yadda ya kamata. A ƙasar sanyi ƙafarsa tana iya daskarewa bai ji ba, a Kano kuma zafi ne zai kayar da shi domin ba ya gumi daga inda raunin yake zuwa ƙasa. Kai ma ka san yadda ƙafar shan inna ke yin sanyi ƙalau da asubar hunturu alhali ɗayar da ɗuminta. Dole likitocin gasa su san wannan tun kafin baƙi su iso. Wajen gyara kuma, kamfanin Ottobock na Jamus ne ke buɗe wa 'yan wasa shagon gyaran keke da ƙafar roba a gasar tun 1988. Wannan ɓangaren ba na jin tsoronsa a Kano. Guragun da ke walda suna ƙera keke mai taya uku da hannunsu a garin nan za su iya riƙe irin wannan shago in an ba su kayan aiki, ga kuma asibitin ƙashi na Dala a kusa.

Abin da ke hannunmu

Yanzu koma kan bidiyon da ka gani. Hokin nan a wata cibiyar farfaɗo da nakasassu aka ƙirƙiro shi a Stockholm, babban birnin Suwidin, a farkon shekarun 1960, wasu da suka ƙi haƙura da wasa suka ɗaura wuƙaƙen zamiya biyu a ƙarƙashin abin zama. Suna riƙe sanda biyu gajeru, gefe ɗaya mai haƙoran ƙarfe na tura jiki, ɗaya gefen na bugu. Sai a 1994 a Lillehammer ta ƙasar Norway ya shiga babbar gasa, bayan shekara talatin. Ƙwallon da kake bugawa tarihinta kusan ɗaya ne. Misbahu Lawan Didi ake danganta ƙirƙiro ta gare shi a 1988, daga katakon nan mai tayar boris da mutane ke gani a bakin danja su ɗauka na bara ne kawai. A Ghana ma ana buga irinta. Na sha tsayawa a gefen fili ina kallon yadda kuke sa silifa a hannu, ku ture ƙasa sau biyu, ku juya katako a wuri ɗaya ku mari ƙwallo tana sama. Ƙarfin kafaɗa da na ciki da saurin juyawar da hoki ke nema, ga su nan a jikinku.

Don haka gasar ƙasa da ƙasa da nake ganin Kano za ta nema ita ce ta ƙwallon guragu, a gayyato maƙwabta, a yi ta a Disamba ko Janairu lokacin da garin ya yi sanyi, wato a hunturunmu na gaskiya. A haɗa da ɗaga nauyi, inda Najeriya ta riga ta yi suna: mun fara zuwa Olamfik ta nakasassu a 1992, a Rio a 2016 muka dawo da zinare 8, mafi yawansu daga ɗaga nauyi, kuma Abuja ta karɓi gasar kofin duniya ta wannan wasa a 2020. Ghana da ta shirya gasar nakasassu ta Afirka ta farko a Accra a 2023, da wasanni uku kacal ta fara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gasa ta ƙasashe huɗu ko biyar za ta tilasta mana gyara otal biyu, motoci kaɗan, banɗakunan fili ɗaya, mu horar da masu tantancewa namu, kuma duk waɗannan suna nan bayan baƙi sun tafi.

In kuwa zuciyarka ta kafe a kan ƙanƙarar ce kai da kanka, hanyar ita ce ka je, ba a kawo maka ba, kuma an taɓa yi. A gasar farko ta 1976 akwai ɗan Uganda, makaho, Tofiri Kibuuka, wanda ya yi zamiyar dogon zango, ya sake komawa a 1980. 'Yan matan Najeriya uku, Seun Adigun da Ngozi Onwumere da Akuoma Omeoga, da suka je Olamfik ta hunturu a 2018, da abin zamiya na katako suka fara atisaye a Houston ta Amurka, garin da shi ma ba na dusar ƙanƙara ba ne. Masu zamiyar dogon zango a zaune, idan dusa ta narke a ƙasashensu, a kan abin zama mai taya suke atisaye a kwalta da sanda biyu. Ba zan ɓoye maka ba, hanyar doguwa ce: sai an yi maka rajista ta hannun kwamitin wasannin nakasassu na ƙasa, a tantance ka a waje, ka shiga gasannin neman cancanta, kuma duk wannan kuɗi ne da ɗan wasa ba ya iya ɗauka shi kaɗai.

Kafin nan ga abin da nake so ka yi mini. Ku haɗu ku uku ko huɗu cikin abokan wasanka, da mai keke da mai sanda da makaho in akwai, ku sayi tef ɗin awo na tela. Ku bi hanyar da baƙo zai bi, daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa masauki zuwa Ƙofar Mata, ku auna kowace ƙofa da gangare da banɗaki, ku rubuta a littafi da kwanan wata, ku ɗauki hoto. Ku nemi izini a duk inda kuka shiga, ku yi shi cikin ladabi. Idan kun gama ku aiko mini, zan zauna da ku mu mayar da shi takardar da za a iya ajiyewa a gaban hukumar wasanni ta jiha. Ku fara da banɗakunan. Allah Ya ƙara maka lafiya da ƙarfin hannu.